Tsohuwar Fijo da Ɗigon Fetur: Tsokaci Kan Gyaran Bututun Mai a Garejojin Birnin Kebbi

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu a tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ya san wani wari da ke tarbar fasinja tun bai gyara zama ba. Warin fetur ne. Mun saba da shi har ya zama tamkar wani ɓangare na kuɗin mota, idan kuwa wani ya yi ƙorafi, sai direba ya ce ai galan ne a but, ko kuma yanzun nan aka sha mai. Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Amma sau da yawa daga gaban motar warin yake tasowa, daga wani ɗan tiyo da bai kai kamu ɗaya ba, wanda ya tsage yana tsartar da mai a kan inji mai zafi, alhali mutum bakwai ko takwas na zaune a bayansa suna ta hirar farashin shinkafa.

Ba direbobin haya kaɗai wannan magana ta shafa ba. A gidajen da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi akwai tsohuwar mota da aka gada daga mahaifi, ko wadda aka saya da rancen mota na farko a aikin gwamnati, tana lulluɓe da tamfol a ƙarƙashin dalbejiya, ana tayar da ita ranar Juma'a ko ranar Sallah. Wata Peugeot 504 ce, wata Marsandi ce 230E, wata kuma ita ce wadda 'yan Najeriya suka raɗa wa V-boot. Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kansa shi ne, ƙarfin da fetur ke gudu da shi a cikin bututun mota ya sauya tun da daɗewa, amma ɗabi'armu ta gyara, mu masu motocin da kanikawanmu baki ɗaya, tana nan inda zamanin kafireta ya bar ta.

Bari in fara da 504, wadda Bahaushe ya sani da Fijo, domin da ita akasarin manyan kanikawan ƙasar nan suka koyi riƙon sifana. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta Turai. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, wato fiye da shekara 20 bayan Faransawa da kansu sun daina ƙera ta a 1983. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, ita ce motar ma'aikatu, ita ce kuma motar tasha.

Sai dai 'yan kaɗan ne a cikinmu suka san cewa wannan jakar kaya tamu tana da ƙanwa 'yar ƙwalisa. A 1969 kamfanin ya fito da 504 mai ƙofa biyu, da kuma mai buɗaɗɗen sama, waɗanda gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara jikinsu. Zuriyar 504 ta yi suna a tseren motoci na Afirka. Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya lashe tseren Safari na Kenya da mai ƙofa huɗu a 1975, Jean-Pierre Nicolas na Faransa kuma ya lashe shi a 1978 da mai ƙofa biyu mai silinda shida, ya ƙara da tseren Bandama na Kwaddibuwa a wannan shekarar. A yau masu tara tsofaffin motoci a Turai kan biya kuɗi masu kauri su mallaki mai ƙofa biyun nan, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi sa wa ido a jikinta shi ne bututun mai.

Dalili kuwa shi ne, 'yar ƙwalisar mai silinda huɗu ba da kafireta take shan mai ba. Da injekta take sha, ta wani tsari na Jamusawa da ake kira Kugelfischer, wanda aka sa wa wasu 404 da 504 masu ƙofa huɗu, da kuma BMW 2002 tii. Babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan. Famfo ne na ƙarfe da inji ke juyawa, yana auna man da kowace silinda ke bukata, ya tura shi ta bututunta na kanta zuwa nozil. Akasarin Fijon da aka harhaɗa a Kaduna kuwa masu kafireta ne, kuma a nan ne tushen ɗabi'ar da nake magana a kai yake.

Domin mai karatu ya gane bambancin, sai mu auna da abin da kowa ya sani. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai a ma'aunin matsi ba. Famfon mai na motar kafireta bai kai ko rabin bar ɗaya ba, aikinsa kawai ya ɗebo mai daga tanki ya zuba a ɗan kwanon kafireta. A irin wannan mota, idan tiyo ya tsage sai ya riƙa naso ko ɗiga, kuma idan aka yanko robar tsohon tub aka naɗe shi, ko aka goga sabulu a inda tanki ya huje, za a iya lallaɓawa a kai gida. Dabara ce ta matafiyi a daji, ta kuma ceci mutane da yawa a kan hanyoyin da babu gareji. Amma a motocin injekta masu kwamfuta, irin su Peugeot 406 da akasarin motocin Kwatano da ke shigo mana, matsin yana kusan bar 3, wato ya fi na taya. A tsarin K-Jetronic na kamfanin Bosch, wanda ya fito a 1973 kuma shi ne a jikin Marsandi 230E da 280E, yana kusan bar 5. A bututan Kugelfischer kuwa, tsakanin famfo da nozil, sai ya kai bar 30 ko fiye kafin nozil ya buɗe baki. Da irin wannan ƙarfi mai ba ya ɗiga, feshi yake yi, ya tashi kamar hazo a cikin bonet.

Hazon nan shi ne abin tsoro. Fetur ba ya bukatar zafi kafin ya yi tururi, ko a sanyin hunturu yana yi, balle a Afrilun Birnin Kebbi. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a lungunan inji da ƙarƙashin mota, kuma idan ya kai ko kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ya isa ya kama. Abin da ya rage tartsatsi ne kawai, shi kuwa ba ya wuya a tsohuwar mota: wayar fulogi da ta tsage, ko kan batir da ya yi lako-lako, ko wayarin da aka haɗa da baki aka naɗe da leda. Mun ga abin da fetur ya yi a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu a gobarar tanka, muka yi jimami. Motar da ke cin wuta ita kaɗai a gefen hanya ba ta shiga labaran rediyo, sai dai a ga ƙwarangwal ɗinta a wuce, a ce wayarin ne.

Kada a ɗauka laifin duk na kanikawa ne. Kwanakin baya ina zaune a wani gareji a nan Birnin Kebbi ana duba mini birki, sai ga wani dattijo, da gani tsohon babban ma'aikaci ne, ya shigo da Marsandi 230E tana ta wari. Aka buɗe bonet, aka ga tiyon da ke kawo mai ya jiƙe sharaf. Maigidan garejin ya ce sai an aika Kano an nemo na ainihi, zai ɗauki kwana biyu. Dattijon ya ce yana da ɗaurin aure a Argungu, a ɗaure masa kawai ya je ya dawo. Bakaniken ya goge hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, wagga ba irin Fijo ta ba. In na ɗamre ta da roba, kahin ka kai Ambursa ta kwance, kuma ba ni son a ce daga hannuna ta hito." Alhaji ya ja tsaki, ya ce kanikawan yanzu son kuɗi ya yi musu yawa, ya tayar da motarsa ya nufi garejin gaba. A ganina wannan ita ce matsalarmu ta haƙiƙa. Mai ilimin da ba zai yarda a ɗaura masa ƙarin ruwa da tsohuwar allura ba, shi ne ke tsayawa a kan bakanike yana ciniki a kan tiyon da ransa da na iyalinsa ke rataye da shi, bakaniken da ya ƙi kuma shi ne ke rasa abokin ciniki.

To yaya gyaran ƙwarai yake? Farko dai a gano inda man yake fita, kuma da inji mai sanyi ake nema, a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shayi. A goge bututan tas, a barbaɗa garin alli a mahaɗansu, sannan a murɗa makulli famfo ya tara matsi. Inda allin ya fara jiƙewa nan ne ɓarakar take, domin mai kan gangara ya ɗiga a wani wuri dabam da inda ya fito. Bututun da ke tsakanin famfo da nozil ba a shafa shi da yatsa inji na aiki, saboda tsartuwar mai da ƙarfi na iya huda fata, ya zama rauni irin wanda sai an kai ga likitan tiyata. Da guntun kwali ake gwadawa.

Kafin a kwance komai sai a sauke matsin: a zare fis ɗin famfon mai, a tayar da inji har ya mutu da kansa, a cire kan batir, a rufe mahaɗar da tsumma sannan a sassauta a hankali. Yaron gareji da ya tsallake wannan mataki shi ne wanda za ka ga fetur ya wanke masa fuska.

Daga nan kowace ɓaraka da maganinta. Idan tiyon roba ne, ba a yanke wurin da ya tsage a mayar da sauran, kuma ba kowane baƙin tiyo ne tiyon injekta ba, ko da kuwa faɗinsu ɗaya. Ana buga lamba a jikin tiyo na ƙwarai. Mai ɗauke da SAE J30 R7 na ƙaramin matsi ne, irin na kafireta, mai ɗauke da R9 shi ne na injekta, yana da wani shafe na musamman a cikinsa da fetur ba ya ci da wuri. Wanda babu rubutu a jikinsa kwata-kwata, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na sha ganin an sa tiyon lagireto ko na iskar gas a madadinsa. Irin wannan yakan kumbura ya yi laushi daga ciki, ɓarɓashinsa ya je ya toshe nozil, kafin ma ya fashe. Kilif ɗin ma da nasa. Wanda aka saba da shi mai tsaga-tsaga yana cizon roba, na injekta kuwa santsi gare shi, yana matse tiyon daidai ta kowane gefe. Tun da robobin mota tare suka tsufa, idan ɗaya ya tsage sai a canza su gaba ɗaya, har da na ƙarƙashi kusa da tanki da wanda ke mayar da rarar mai, waɗanda ido ba ya kai wa gare su.

Idan a mahaɗa ne, a nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Abin da hannu ke fara yi shi ne ƙara ɗaurewa, alhali mahaɗar bututun ƙarfe ba da zaren noti take riƙe mai ba, da wani ɗan tsinin baki ne da ke zama daram a cikin gurbinsa. Ƙarin ƙarfi yana lotsa bakin ko ya tsaga shi, farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa kuma ba shi da aikin yi a nan, sai ma ya yage ya bi mai. Sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, don kada bututun ya murɗe. Inda kuwa aka haɗa da ƙusa mai rami da washa biyu na jan ƙarfe, kamar yadda aka yi a wurare da dama a K-Jetronic, washan nan sau ɗaya suke aiki, domin da an matse su sun taurare. Sababbi ake sawa. Tsofaffin kanikawa na da dabarar gasa washa a wuta har ta yi ja don ta sake laushi, dabara ce mai tushe a ilimin ƙarfe, amma ta ranar da babu ce. Haka ƙananan zobban roba da ke bakin nozil: a sa sababbi, a shafa musu ɗan man inji kafin a tura, in ba haka ba su yage tun wurin sawa.

Bututun babban matsi da ya tsage kuwa ba a kai shi wurin mai walda, ba a liƙe shi da gam, ba a kuma maye gurbinsa da bututun jan ƙarfe na firiji, domin jan ƙarfe yana taurarewa da girgizar inji har ya karye. A nemo irinsa, mai tsawo da faɗin rami daidai da na asali, tun da da su aka auna man da kowace silinda ke samu. Sannan a mayar da 'yan maƙalan da ke riƙe bututan wuri ɗaya. Su ne abin da aka fi mantawa a ƙasan gareji, rashinsu kuma shi ke sa bututu ya yi ta kaɗawa yana gugar ɗan'uwansa har ya huje. Bayan an gama a gwada da sanyi, a zaga gari inji ya yi zafi a sake dubawa, washegari ma a sake.

Akwai abin da ke gaggauta tsufan robobin nan ban da zafi, wato irin man da muke sha. A Fabrairun 2022 hukumomi suka tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, abin da ya jawo dogayen layuka a faɗin ƙasa. Irin wannan sinadari yana cin tsohuwar roba, yana kuma janyo ruwa cikin tanki. Wanda ke sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, abin da ba baƙo ba ne a jihar da ke iyaka da Nijar da Benin, ba shi da tabbacin abin da aka gauraya masa. Motar da ake ajiyewa wata da watanni kuma ta fi wadda ake hawa kullum shiga haɗari, domin robar kan bushe, ranar da aka tayar da ita sai matsi ya same ta ba shiri. Ga kuma batun aljihu: tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Man da ke tsiyaya a kan kwalta da tsada aka saye shi.

Wata hanyar da aka fi bi idan injekta ta gagara ita ce a cire ta ɗungurungum a dasa kafireta. An yi wa Marsandi da yawa haka. Ban ga laifin bakaniken da ya koma ga abin da ya iya ba, amma ina ganin hasara ce: motar takan ƙara shan mai, ƙarfinta ya ragu, darajarta ta faɗi a idon masu sanin tsofaffin motoci. Mafi muni shi ne a bar famfon injekta yana tura mai da ƙarfinsa na asali zuwa kafiretar da ba a yi ta don haka ba, ta yi ta ambaliya a kan inji. Kayan gyaran ba su ɓace daga duniya ba. Wasu na nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, wasu kuma ana odarsu ta intanet daga masu sana'ar tsofaffin motoci a Faransa da Jamus.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne horo. Yaro yana koyon abin da ya ga maigidansa na yi, maigidan kuma a kan Fijo mai kafireta ya koya. Garejoji nawa ne a garin nan ke da agogon auna matsin mai? Nawa ne ke da tukunyar kashe gobara mai aiki? Mu kanmu masu motoci, tukunyar da muke ajiyewa a but don jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, da yawanmu ba mu taɓa duba ko da sauran wani abu a cikinta ba. Kuma ba a rasa inda za a fara ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana nan a garin. A wannan makaranta, tun tana hannun jiha, Jelani Aliyu ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Amurka, inda ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt, ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Makarantar da ta yaye irin wannan ba za ta gaza shirya kwas na mako biyu da Hausa, da yamma, ga masu garejojin Birnin Kebbi da Argungu da Jega ba, idan ƙungiyar kanikawa da gwamnatin jiha suka nema.

Akwai kuma dandalin da ya dace. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 albarkacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya daɗe da haɗawa da gangamin motoci. A bikin 2020 ayarin ya taso ne daga Abuja da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Ina ba masu shirya bikin shawarar su ware rukuni na tsofaffin motoci, wanda ba na gudu ba, a taso daga Birnin Kebbi a bi ta Ambursa a sauka Argungu, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai. Sharaɗin shiga ya zama ɗaya: kafin a ɗaga tuta, kowace mota a buɗe bonet ɗinta, ɗaliban kwalejin da manyan kanikawa su bi bututun mai tun daga tanki har nozil da agogon matsi da garin alli, wadda aka samu da naso ko ɗaurin roba ta koma gefe sai an gyara, a kuma rubuta sunan bakaniken kowace mota a jikin ƙofarta kusa da na mai ita.